Yadda Gwadabe Ya Ɗauko Surukinsa a Jar Mota

In dai cika baki ne, duk unguwar Kwamba babu na biyun Gwadabe. Bakano ne, aikin gwamnati ya kawo shi Abuja, tsadar haya ta koro shi Suleja, amma in ka ji shi a teburin mai shayi sai ka rantse da shi aka yi shawarar inda za a kafa sabon birnin. A nan Suleja ya auri Sailuba, 'yar Malam Datti mai doya na Chaza, Allah ya ba su Asama'u da Musaddiq. Yana da tsohuwar Fijo doguwa, mai kwashe iyali da buhun masara ba ta ce uffan ba. Lafiya lau ake zaune, har ranar da tsautsayi ya bi da shi ta wajen masu sayar da motocin Kwatano.

Da la'asar sai ga shi ya dawo a wata aba ja wur, ƙofa biyu, kujera biyu, cikinta manne da ƙasa, ko kaza ba ta iya shiga ƙarƙashinta. Ya karyo kanta zai shiga gidan hayarsu, sai kwalbatin bakin ƙofa ya ce ban san zancen ba. Ji kake ƙuuu! Ya ja da baya, ya kashe ta a waje, ya fito yana kaɗa mukulli kamar da ma can nan ya yi niyyar ajiye ta.

Sailuba ta fito da mayafi, ta zagaya motar, ta leƙa.

"Baban Asama'u, ina Fijo?"

"Fijo ta tafi inda tsofaffi ke zuwa. Wannan ita ake yayi a Jamus."

"Ina kujerar baya?"

"Ba a yi mata. Motar gudu ce."

"To mu a ina za mu zauna?"

"Ke a gaba, kusa da ni, kamar matar Bature."

"Yaran fa? A aljihunka?"

"Sai in yi sawu biyu. Da irin gudunta, kafin ki gyara ɗankwali na je na dawo."

Kafin magariba 'yan unguwa sun raɗa wa motar suna Tabarma, wai ai shimfiɗa ta aka yi a ƙasa.

To, hanyoyin unguwannin Suleja kowa ya san halinsu. Gudun 'yan acaɓa ya ishi mutane, saboda haka duk mai 'ya'ya sai ya samo jar ƙasa da fasassun bulo ya yi tudu a ƙofar gidansa, kuma tsayin tudun gwargwadon fushin mai gidan ne. Tabarma kuwa ba ta haye ko ɗaya sai an bi shi a karkace, a hankali, kuma sai direba kaɗai a ciki. In akwai fasinja, dole ya sauka.

Sailuba ta gane haka ranar sunan 'yar ƙawarta a Garam. Ta ci ado, leshi da sarƙa da takalmi mai tsini, aka bar yara wajen maƙwabta. Ba su yi nisa ba ya taka birki.

"Ɗan sauka."

Ta sauka, ya haye, ta shiga. Can gaba kaɗan, "Ɗan sauka." Ta sauka. An yi ruwa da safe, takalmin ya nutse a taɓo. Haka aka yi ta yi, sauka, hau, sauka, hau, har mata masu tallan gyaɗa suka fara yi mata sannu da tattaki. A wani tudu da ya haye sumul, daɗi ya kwashe shi, ya taka totur ya yi gaba abinsa yana yi wa kujerar banza bayanin ƙarfin inji. Kafin ya farga ya juyo, Sailuba ta tsayar da ɗan acaɓa. Ba Garam ta ce masa ba, Chaza ta ce. Washegari ta aiko aka kwashe yaran.

Gwadabe ya je biko, ya durƙusa a soro, ya tarar Malam Datti na ta sallama da jama'a, jibi zai tashi aikin Hajji. Dattijon ya ce, "Ba na yanke magana ina kan hanya. Ta zauna tukuna. In Allah ya dawo da ni, na ji ta bakin kowa."

A teburin mai shayi Gwadabe cewa yake uwargida ta tafi hutu. Amma gaskiya abin ya ci masa rai. Yana son matarsa, so ba na wasa ba, kuma ɗakin ya yi masa faɗi tun da babu Musaddiq mai hawa masa wuya. Sai dai maimakon ya yi tunanin rabuwa da motar, sai ya shiga tunanin yadda motar za ta dawo masa da matar. Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho.

Ghali, ƙanin Sailuba, direban akori-kurar da ke yi wa mahaifinsu jigilar doya, shi ne ya same shi yana goge Tabarma da tsumma. Da ma tsakanin miji da ƙanin mata akwai wasa, Ghali kuwa ba ya raga masa.

"Yaya Gwadabe, shara kake yi mata, ko ita ke yi wa titi shara?"

"Kai dai ka san doya."

"Wallahi ka kai ta gareji a cusa mata ƙarfe a sifirin, a ɗaga ta gaba ɗaya a huta. Haka kowa ke yi wa 'yar Kwatano."

"Allah ya sawwaƙe! In mai da ita raƙumi? Kyanta ke nan, kwanciyar. Kai ba ka sani ba, wanda ya sayar mini ya ce a Turai akwai irinta masu wani ɗan ƙarfe kusa da giya. Ka zo tudu, ka ja, gaban ya ɗaga. Ka haye, ka saki, ta koma ta kwanta. Shi zan sa mata."

"Duk don kada a ce ka yi abin da kowa ke yi?"

"Ranar da Baba zai dawo, a cikinta zan ɗauko shi har ƙofar gida. In ya ji yadda take tafiya kamar a kan katifa, da bakinsa zai ce wa yayarka ta tashi ta bi mijinta."

"In kun zo tudu fa? Shi ma ɗan sauka za ka ce masa?"

Gwadabe ya zaro ido. "Surukin nawa? Ka taɓa jin wanda ya ce wa surukinsa sauka? Ai saboda haka ne ma zan sa ƙarfen."

Aka rasa wanda zai karɓi aikin sai Segun, wani bakanike a bayan tasha, wanda shi ma in ana rabon cika baki ba a bar shi a baya ba. Ya saurari bayani yana gyaɗa kai.

"Oga, no wahala. Bature kai ɗaya gare shi, Segun ma kai ɗaya gare shi. Ka ga wancan tifa?"

Wata matacciyar tifa ce ciyawa ta fito mata ta taga. Segun ya kwance abin da ke ɗaga bodinta in za ta juye yashi, ya yanke nan, ya yi walda can, ya ja tiyo, ya kafa wa Tabarma wata liba mai tsawon muciya a gefen giya. Ranar gwaji gareji ya cika. Gwadabe ya shiga shi kaɗai, ya ja liba, gaban motar ya yi sama a hankali, fuuu. Aka ɗauki tafi.

"Saukarwar fa?" in ji Gwadabe.

"Saki kawai, Oga. Nauyin inji ne zai danne ta ƙasa, jeje, a hankali."

Ya saki, ta sauko lafiya lau. Babu wanda ya ce a gwada da mutum a gefe da kaya a baya. Masana biyu sun haɗu, wa za su tambaya?

Ranar da alhazai suka dawo, babbar mota ta sauke su a bakin titi da hantsi. Ghali ya zo da akori-kura cike da 'yan uwa. Gwadabe kuwa tun da sassafe ya kafa Tabarma a inda kowa zai gani, ya sha shadda da hula. Da Alhaji Datti ya sauko cikin farar jallabiya ƙal, carbi a hannu, Gwadabe ya kutsa ya zube a gabansa, ido a ƙasa.

"Baba, barka da sauka. Allah ya sa karɓaɓɓiya ce. Ga mota na kawo."

Alhaji ya dubi Tabarma, ya dubi akori-kura, ya sake duban Tabarma. Ransa na wajen akori-kura, amma dattijo ba ya gwale surukinsa a bainar jama'a. Ya ce, "To, madalla. Bismillah."

Shigar ma sai da aka yi dabara, aka naɗe shi kamar za a sa shi a akwati. Sai Gwadabe ya ga ana ɗora kayan Alhaji a akori-kura, ya yi tsalle ya tare.

"A'a! Kayan Makka ba sa hawa motar doya."

"Motar doyar ce ta kai shi Makkan," in ji Ghali.

Bai saurare shi ba. Ya sa aka ɗauko ƙatuwar jarkar zamzam da babban akwatin tsaraba da buhun dabino, aka ɗaure su tam da igiya a kan bayan Tabarma, har ta ɗan yi zaman 'yan bori. Aka kama hanyar Chaza, shi a gaba, Ghali na biye.

Tudun farko, Gwadabe ya ja liba. Gaba ya ɗaga, mota ta haye sumul, ko gyare ba a ji ba. Daɗi kamar ya kashe shi. Ba shi da damar kallon suruki, sai ya gaya wa sitiyari, "Aikin Jamus ke nan." Ya saki liba.

Gaban bai sauko ba.

Ya ce a ransa wataƙila ta ɗan sarƙe ne, bari in ƙara ja in saki. Ya ja, ta ƙara sama. Ya saki, ta tsaya a nan. Ya sake ja da ƙarfi, ta sake ƙarawa. Abin tifa ai bai san wasa ba, yashi ya saba juyewa. Kan ka ce kwabo titi ya ɓace daga gilashi, sai wayoyin lantarki da gajimare.

A nan ne Gwadabe ya gano inda gizo ke saƙa. Nauyi ya koma baya. Ga zamzam, ga akwati, ga dabino, ga Alhaji wanda shi ma ba ƙaramin mutum ba ne, kuma duk ya zame ya kwanta a bayan kujera. Maganin abin a fili yake: a tsaya, dattijo ya ɗan sauka, a kwance kaya. Kalma biyu ce kacal. Ya buɗe baki, ya tattaro ta tun daga ciki.

"Baba..."

"Na'am."

"Ya... ya Makka?"

"Makka lafiya lau."

Alhaji na kwance rigingine, gwiwoyinsa sun fi kansa tsayi, hula ta zamo ta rufe masa ido ɗaya, carbi na gudu a hannunsa. Shi ma kalma ɗaya zai faɗa a tsaya. Amma ya za a yi a ce ya nuna tsoro a gaban mijin 'yarsa, ko ya kushe abin da yaro ya kawo don girmama shi? Sai ya ƙara ƙarfin salati kawai. Kowa na jin nauyin kowa, mota kuwa na ta tafiya.

Gwadabe ya zuro kai ta taga har kafaɗa don ya ga hanya. Ghali na baya yana ta danna oda.

"Yaya! Bayanka na jan ƙasa! Tsaya!"

Gwadabe ya ɗaga masa hannu kamar mai amsa gaisuwa. A tudu na gaba salansa ta ce ga garinku nan, ta faɗi ƙwal, akori-kura ta bi ta kai. Tabarma ta koma ruri kamar injin niƙa. 'Yan acaɓa suka bar fasinjojinsu suka rufa musu baya suna oda, masu shaguna suka fito, wani ɗan kudu mai sayar da taya ya dafe kai yana cewa, "Chineke! Wetin be dis?" Wata tsohuwa mai ƙosai ta miƙe tsaye da matsami a hannu, ta ce, "Ikon Allah! Alhajin bai gama saukowa daga jirgin ba ne?"

Gumi ya jiƙe shaddar Gwadabe sharkaf. Ya sake gwadawa.

"Baba, da... da za a..."

"Ina jin ka."

"Da za a ce... an sha zafi a Mina bana?"

"An sha. Alhamdu lillahi."

A ƙofar gidan Alhaji an kafa rumfa, an shimfiɗa darduma, dattawan unguwa sun jeru cikin fararen kaya, mata sun cika soro. Ana jin rurin aka ce ga su nan, wata gwaggo ta rangaɗa guɗa. Da motar ta karyo kwana, guɗar ta maƙale mata a wuya. Ba a ganin direba sai kansa a waje, ba a ganin Alhaji sai tafin takalmansa biyu a jikin gilashi.

Saura tudu ɗaya, na ƙofar gidan, wanda Alhaji da kansa ya sa aka yi saboda jikoki, kuma duk layin babu kamarsa. Gwadabe ya hango Sailuba a bakin soro. Nan take ya manta da duk abin da ya faru a hanya. Ya gyara hula, ya kama liba, ya ja ta har ƙarshe don ta gani da idonta.

Gaba ya haye. Bayan motar ya hau kan tudun ya zauna daram, tayoyin baya suka rataye suna juyawa a banza. Ya taka totur, suka ɗebo taɓon ruwan jiya suka watsa wa rumfa. Dattawa suka watse suna salati, kowa na kare rigarsa.

"Kashe ta! Kashe ta, don Allah!" Ghali ya diro da gudu.

Aka ja ƙofar Alhaji, ta ƙi. Aka ja ta direba, ta ƙi, jikin motar ya murɗe. Dole ta taga aka zaro Alhaji, Ghali ya kama hammata, liman ya kama ƙafa, ana ta "a hankali, a hankali". Aka tsayar da shi a gaban motar, ya gyara hula, ya fara miƙa wa mutane hannu kamar babu abin da ya faru. A daidai lokacin wani mai neman lada ya zare igiyar kaya ya sauke jarkar zamzam da akwati.

Segun bai yi ƙarya ba, nauyin inji ne ke saukar da ita. Sai dai ba jeje ba. Gaban ya faɗo tim! Tiyo ya fashe, baƙin mai ya yi tsiri ya wanke farar jallabiyar Alhaji tun daga ƙirji har ƙafa.

Gwadabe ya fito ta taga da rarrafe, ya durƙusa a cikin taɓo. Duk da haka bakin bai mutu ba, ya ce ƙasa-ƙasa, "Ɗagawar dai ta yi, saukarwar ce ke son ɗan gyara."

Alhaji ya dubi rigarsa, ya share gemu da bayan hannu. Bai ɗaga murya ba.

"Gwadabe."

"Na'am, Baba."

"Tun a Makka na yanke shawara. Na ce ina sauka, ko ruwa ban sha ba, zan ce Sailuba ta ɗauki 'ya'yanta ta bi ka. Na ce yarinya ce da ƙorafi, wane namiji ne zai sauke matarsa a taɓo ya manta da ita? Har faɗa na yi mata kafin in tafi." Ya juya wajen soro. "Sailuba, ki yafe mini. Ashe ragewa ma kika yi."

Sailuba ta ja mayafi ta rufe fuska. Kafaɗunta na rawa, ba a san ko kuka take ko dariya ba.

"Tana nan a gidan ubanta," in ji Alhaji. "Ranar da ka san abin da kake yi, ka zo mu yi magana. Kuma ka zo da ƙafa."

Ya shige gida, jama'a suka bi shi. Aka bar Gwadabe a waje shi da Tabarma, baƙin mai na ɗiga daga cikinta ɗis, ɗis. Daga cikin gida yana jiyo hayaniyar rabon dabino, yana jiyo muryar Musaddiq yana kiran kakansa, ƙanshin miya na fitowa ta kan katanga. Wallahi a lokacin da za a ce ya ba da motar kyauta a bar shi ya shiga ya zauna ko a bakin ƙofa ne, da ya bayar. Babu wanda ya tambaye shi.

Can sai ga Ghali ya fito da igiya a kafaɗa, yana sakace haƙori.

"Yaya, Alhaji ya ce a janye motar daga ƙofa, baƙi na zuwa."

Gwadabe ya miƙe. Ya matso kusa, ya rage murya.

"Ita fa? Ba ta ce komai ba?"

"Ta ce."

"Me ta ce?"

"Ta ce in tambaye ka ko ka ci abinci yau."

Fuskar Gwadabe ta washe, har ya fara karkaɗe taɓon gwiwarsa. "Allah sarki, Sailuba. Wallahi ko karyawa ban yi ba."

"To, ta ce in ba ka ci ba, akwai mai shinkafa da wake a bakin Kwamba, ka yi sauri kada ta tashi." Ghali ya miƙa masa bakin igiyar. "Riƙe nan, Yaya. A ina ake ɗaura mata?"